Ranar da Kailu Japon ya zagi yayarshi da ladabi

"...ba ta da kan gado, in ji shi! Jama'a ku saurara! Kailu ya ce wagga yayarshi ce, ba ta iya komi ba, abincin da ta dafa kuma ba na kirki ba ne, baƙi su yi haƙuri su ci hakanan!"

Magagi sanƙira ke nan, mai shelar gari, hannu guda a kunne, shina kwarara murya a tsakar gidan Habsa da ke bayan kasuwar Filinge. Gidan cike maƙil. Mata da goyo, dattawan unguwa bisa tabarmi, wakilin superefe, wato shugaban gunduma, bisa kujera, ga kuma baƙi uku ƴan ƙasar Japon da sunka zo duba wuraren da za a haƙa rijiyoyin famfo. Habsa na tsaye da ludayi gaban tukunyar miyar zabi da ta kwana biyu tana shirinta. Kailu, ƙanenta, shina sunkuye gaban baƙin, fuskarshi sai annuri take, don Japanancin da ya ɓoye shekara goma sha shida yau ya fito ba tuntuɓe. Bai ma lura da abin da Magagi ke faɗi ba sai da gidan ya yi tsit, irin tsit ɗin da kana jin kukan ɗan akuya a maƙwabta.

Baƙin kuwa sai murmushi suke suna gyaɗa kai. Murmushin nan shi ya ƙara ɓata al'amari.

Habsa ta aje ludayi bisa marfin tukunya, ta gyara ɗaurin zane.

"Magagi, maimaita."

Ya maimaita, tunda aikinshi ke nan, an kuma ba shi goro.

Ta dubi Kailu tun daga hula har takalmi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa ɗiyarta, "Muna, zuba wa baƙi." Ta shige ɗaki ta ja labule.

To, wanda bai san Kailu ba sai ya ce ɗan banza ne. Ba haka abin yake ba, sai an koma baya.

Shekarar da soja sunka karɓi mulki, shekarar yunwa, ita ce shekarar da uwarsu ta rasu. Kailu na da shekara bakwai, Habsa sha shida. Aji uku ta yi a lakwal, makarantar boko, ta bari, don wani ya zauna gida ya daka hatsi. Da ta yi aure, da shi ta tahi ɗakinta kamar kayan gara. Ita ta kai shi lakwal da hannunta, ita ta sayar da akuyarta ja da ya samu shiga kwaleji. Ranar kasuwar Baleyara tare suke hawa motar kaya, ita da kwaryar kopto, ganyen zogale da take kwaɗawa da ƙuli, shi kuma shina riƙe mata tsabar canji. Can ya tsinci Zabarmanci a bakin masu saye. Jarrabawar fita kwaleji sau biyu tana kada shi. Habsa ta je ta durƙusa gaban wani ma'aikacin gandun daji har anka ɗauke shi ban ruwa a lambun renon itace.

Nan Allah ya haɗa shi da Isufu.

Sunanshi na gaskiya Yusuke, amma bakin mutanen Kurfai, ƙasar da Filinge take, bai ɗauka ba, sai anka raɗa mishi Isufu. Saurayi ne ɗan Japon da anka turo shekara biyu don aikin dashen itace, soja na bisa mulki har lokacin. Yara na bin shi suna "Shinuwa! Shinuwa!" wato ɗan ƙasar Sin, shi kuwa shina juyowa da Hausarshi ta koyo, "Ba Shinuwa ba, Japon." Cikinshi ya ƙi abincin tasha, sai Kailu ya kai shi gidan yayarshi. Tun daga ranan Habsa ke dafa mishi, barkono kaɗan, mai kaɗan. Shi ma Yaya yake ce mata.

Da rana in sun gama ban ruwa sai su zauna inuwar wani gawo, Kailu na koya mishi Hausa, shi na koya wa Kailu nasu. Bisa yashi suke rubutu da tsinke. Ranar farko Isufu ya ce, Bahaushe shina cewa na sha ruwa, su kuwa sai su ce ni, ruwa, sha, aikin can ƙarshe yake zuwa. Kailu ya buga cinya.

"Haba! Ai wannan tahiyar Zabarmawa ce! Su ma ruwan suke fara ambata kafin shan."

Daga nan hanya ta buɗe. Ƴan ƙananan kalmomin nan nasu, wa da o da ni, da suke liƙa wa kowace kalma a wutsiya don a san aikinta, Kailu ya ce lambar shanu ce, irin da ake shafa musu a kasuwa don kowa ya gane nashi. Isufu ya yi dariya har da hawaye, ya ce ko malaminshi bai taɓa bayyana mishi haka ba. Karin maganarsu kuwa su sunka fi shiga ran Kailu. In aiki ya yi yawa, wai har hannun kyanwa mutum ke so ya ara. In gwani ya kuskure, wai ko biri yakan faɗo daga itace. Duk ya rubuta cikin kaye mai bango ja, littafin rubutu irin na ƴan lakwal.

Wata rana Isufu ya nuna mishi hoton ƙanwarshi, ya ce da Hausa, "Ba ta iya komi ba."

"Subhanallahi, mi ta yi maka?"

"Ba ta yi komi ba. Likita ce." Sai ya bayyana mishi cewa a wurinsu, gaban baƙo, naka ƙasa kake sa shi, na baƙo sama. Kyautarka ka ce abin banza ce. Abincinku ka ce ba na kirki ba ne. Ɗan'uwanka ka ce bai da kan gado. Wanda ya yabi nashi gaban mutane, shi ne marar tarbiyya.

Kailu ya rubuta wannan ma, ya ja mishi layi biyu.

Ranar da Isufu zai tahi ya kawo wa Habsa rediyonshi da hannu biyu, kai a sunkuye. "Yaya, abin banza ne." Ta yi dariya ta ce, "In abin banza ne mi ya sa ka nannaɗe shi da takarda mai kyau?" Rediyon nan har yau shina magana a bisa tagarta.

Isufu ya tahi, Japananci ya rage a bakin mutum guda a duk faɗin Kurfai. Soja sunka sauka, anka yi zaɓe, sunka sake hawa, sunka sake sauka, Kailu na nan cikin lambu. Kullum da safe shina gaida dashen da ohayo gozaimasu, shina ƙirga su ichi, ni, san. Gari ya raɗa mishi Kailu Japon, wasu don raha, wasu don su ce akwai motsi. Ya auri Ladi, sunka yi ƴaƴa uku. Abu guda dai bai canza ba: akwai wani kwano shuɗi mai marfi, bakinshi ya ɗan ɓantare, da ke fitowa daga gidan Habsa kowace la'asar zuwa gidan Kailu. Ko tuwo, ko dambu, ko ɗan kopton da ya rage. Ladi ta iya girki sarai, amma kwanon Yaya daban. Ko ranar da Habsa ta haihu, kwanon ya zo.

Shi ya sa da anka ce baƙin Japon na zuwa, Kailu ya yi ta safa da marwa ofishin superefe har anka yarda a ci abincin rana gidan yayarshi. So yake baƙi su gan ta. So yake kuma, a faɗi gaskiya, gari ya ga cewa shekarun nan ba hauka yake ba. Kwana uku shina bitar jimlar nan mai layi biyu gaban dashen mangwaro. Futsutsuka na ane desu, wato yayata ce marar kan gado. Ya gyara sunkuyo, ya gyara murya. Abin da bai sa a ranshi ba shi ne tafintan da baƙin sunka taho da shi daga Yamai zai juya wa wakilin superefe kowace kalma da Faransanci, kuma Magagi, da ya yi shekaru shina tuƙa motar soja, shina jin Faransanci kamar ruwa. Tafintan ya so ya ƙara bayani, amma wa ke sauraro? Baƙi sunka ci, sunka yi godiya, kafin la'asar motarsu ta kama hanyar Yamai.

La'asar ɗin ranar, kwano bai zo ba.

Da safe Kailu ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna bakin ƙofarta.

"Yaya, ina kwana."

Tana tsince zogale. Ba ta ɗago ba.

"Yaya, wallahi ladabi ne. A ƙasarsu ladabi ne."

"Ladabi."

"Naka kake ƙasƙantarwa don ka girmama baƙo. Ga shi rubuce." Ya miƙa kaye.

"Marar kan gado za ka ba karatu?" Ta ture shi da bayan hannu. "Kailu, ni in ce maka sakarai gaban mutane, na isa, ni na wanke maka kashi. Kai fa? Ka taɓa ganin ruwa ya tashi daga ƙasa ya jiƙa gajimare? Wace ƙasa ce wagga da ake zagin na gaba don baƙo ya ji daɗin miya?"

Kailu ya sunkuyar da kai. Ƙasa yake kallo, inda tururuwa ke jan ƙwayar gero.

"Isufu ya ci tuwona shekara biyu, bai taɓa yi mini ƙarya ba," in ji ta. "In ya faɗa mini da bakinshi, na ji. In ba haka ba, tashi ka ba ni wuri, kana tare mini haske."

Isufu da ko wasiƙarshi an yi shekara goma ba a gani ba.

Kunya irin wadda Kailu ya sha, Allah kada ya nuna wa maƙiyi. Ya bar zama majalisar bakin masallaci. Lambu ta bayan gari yake zuwa, ta cikin gonaki, ƙaya na cin ƙafarshi. Dattawa in ya gaishe su sai su amsa a taƙaice su kau da kai. Duk wannan mai sauƙi ne. Wanda ya karya shi, wata rana ya biyo ta tasha, inda Habsa ke zama da kwaryar koptonta, sai ya ji wani direba na cewa, "Marar kan gado, zuba mini, a sa yaji!" Tasha ta ɗauki dariya. Habsa ta zuba, ta miƙa, ba ta ce komi ba. Matar da da can in ka taɓa ta da wasa sai ta mayar maka da uku. Kailu ya laɓe bayan wata motar shanu har ta gama sayarwa. Shi ya ɗora mata sunan nan, da bakinshi, da sunkuyo, shina murmushi.

Ya dawo gida ya jefa kaye ƙasan akwati. Dashe sunka daina jin ohayo. Tuwon Ladi ma sai ya yi loma biyu ya wanke hannu, idonshi na ƙofa duk la'asar kamar maraya.

Wata guda Ladi ta zuba mishi ido, sannan ta buɗe akwati ta aje mishi kaye bisa gwiwa.

"Malam, gugan da ya faɗa rijiya, da igiya ake fitar da shi. Harshen da ya jefa ka shi zai fiddo ka. Ba ga adireshin mutumin nan a bangon baya ba? Rubuta."

"Ban taɓa rubuta wasiƙa da shi ba. Gaisuwa na iya, da ƙirga, da ƴan jimloli irin na yara."

"To rubuta irin na yara."

Kwana tara ya yi. Manyan haruffansu masu kama da saƙar kaba ya manta rabinsu, sai ƙananan. Ya so ya bayyana abin da ya faru, Japanancin bai kai ba. Abin da ya iya kawai shi ne jimlar darasin farko: wane, abu kaza, yi. Sai ya fara. Ane wa, yayata. Yayata hatsi daka. Yayata akuya sayar. Yayata ni lakwal kai. Yayata kullum kwano aiko. Ya rubuta, ya goge, ya rubuta, har takarda ta huje wuri biyu. A ƙarshe ya sa: Ni baƙi gaban yayata marar kan gado faɗa. Yayata fushi. Kwano ba ya zuwa. Isufu, taimako.

Lambar waya ta rage. Duk unguwar mutum uku ke da salula, ɗaya Magagi ne. Kailu ya cije ya je. Magagi ya sosa ƙeya.

"Kai Japon, ni fa abin da anka faɗa na faɗa. Sanƙira kwarya ce, abin da anka zuba shi take ɗauka."

"Na sani. Ba ni lambar."

Ya kai wasiƙa gidan waya, ya dawo ya zauna jira. Damina ta faɗi, anka yi shuka, anka yi noman farko, anka yi maimai. Kowace ranar kasuwa sai ya bi ta ƙofar Magagi ya ɗaga gira, Magagi ya girgiza kai. Habsa in sun haɗu wurin suna ko jana'iza tana amsa gaisuwarshi kamar yadda ake amsa wa baƙon gari. Gero ya fitar da kai, ya nuna. Kailu ya fara cewa a ranshi ko Isufu ya tashi daga gidan, ko ya manta Hausa, ko ma ba shi da rai.

Sai wata hantsi, ana tsakar girbi, shina cika leda da ƙasa a lambu, ya hango Magagi tafe da gudu, babbar riga na tashi, hannu sama da salula kamar wanda ya kama tsuntsu.

"Japon! Kai Japon! Mutumenka! Ya ce zai sake bugowa, ya ce a kai mishi Yaya!"

Kailu bai san inda ya bar takalminshi ba. Kafin su kai gidan Habsa rabin unguwa na bayansu, don Magagi bai iya tahiya baki rufe ba. Suna shiga salula ta yi ƙara. Habsa na bakin turmi. Ta goge hannu da zane, ta karɓa da yatsa biyu kamar garwashi.

"Salamu alaikum. Wa ke nan?"

Muryar ta yi kauri, Hausar ta yi tsatsa, amma ita ce. "Yaya! Ina kwana? Ina tuwo? Barkono kaɗan!"

"La ilaha illallahu. Isufu! Ɗan nema, kana da rai?"

Sunka gaisa, ta tambayi iyali, ya ce ƴaƴa biyu, wasiƙar gidan tsohonshi ta je, ta daɗe kafin ta same shi. Kailu na tsugune nesa kusa da randa, kai tsakanin gwiwoyi.

"Isufu, tambaya guda. Da gaske a ƙasarku mutum na ce wa yayarshi marar kan gado gaban baƙi?"

"Gaskiya ne, Yaya. Wanda muke so sosai, shi muke sa ƙasa. Kin tuna rediyo? Na ce abin banza. Shi ne abu mafi kyau da nike da shi."

Habsa ta waiga ta dubi taga. Rediyon na nan inda yake.

"Amma laifina ne," in ji Isufu. "Na koya mishi maganar, ban koya mishi wurin faɗi ba. Kuma Yaya, ƙanenki ya karya al'adarmu. Wasiƙa shafi biyu, duk yabonki. Jimla talatin da ɗaya, kowace da yayata ta fara. Matata ta karanta, ta yi kuka. In karanta miki?"

Habsa ta cire salula daga kunne, ta dubi matan da sunka cika gidan, ta hango har direban nan na tasha shina leƙe ta katanga. Ta miƙa wa Magagi.

"Ungo, sanƙira. Yadda ka kwarara waccan, kwarara wagga. In ka rage murya Allah ya isa."

Magagi ya manna salula a kunne guda, ya dafe ɗayan, ya buɗe maƙogwaro.

"Jama'a ku saurara! Kailu ya ce, yayata ta daka hatsi ina ƙarami! Yayata ta sayar da akuyarta ja! Yayata ta kai ni lakwal da hannunta! Yayata ba ta ci ba ta ba ni! Yayata..."

Har talatin da ɗaya, Isufu na juyawa daga can, Magagi na kwararawa nan. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Kailu ya ja hula ya rufe fuska, don wagga kunyar ma ba ta fi waccan sauƙi ba, ga asirin cikinshi ana shela da shi tsakar gida.

Habsa ta share ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin murhu ne. Ta daka wa ɗiyarta kira.

"Muna! Ɗauko kwanon nan shuɗi bayan randa, ki wanke shi da kyau, ƙura ta cika shi."

Sannan ta fizge salula daga hannun Magagi.

"Isufu, kana jina? Wanga ƙane nawa sakarai ne. Ba shi da kan gado ko na sisin kwabo. Sai dai ku yi haƙuri da shi hakanan."

Dariyar Isufu har bakin zaure ana jin ta.

"Yaya," in ji shi, "ashe kin iya Japananci."